Baƙo a Kasuwar Tantabaru

Ragab ɗan Hagg Mitwalli, wato Alhaji Mitwalli, yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba. Duk namijin da ya haɗu da shi ta waya, da zarar sun rabu, tun kafin ya tayar da babur ya kama hanyar gida, sai ya goge komai. Ya toshe mutumin, ya share hirar, ya cire manhajar da suka haɗu a kanta daga wayar ɗungurungum. In kaɗaici ya sake cin ƙarfinsa, sai ya dawo da ita, ya buɗe sabon shafi da sabon suna, ya saka hoton kafaɗa babu fuska. Haka duk masu bin wannan hanya suke yi a ƙauyukan Fayyum da ke ƙasar Masar. Kowannensu ya ji labarin wanda ya je ganin aboki a bakin gada ya tarar da 'yan sanda, ko wanda aka ɗauki hotonsa aka yi ta tatsarsa har sai da ya sayar da saniyar gidansu. Don haka ba a faɗin sunan gaskiya, ba a faɗin ƙauye, ba a ganin mutum sau biyu. Ragab yana ɗaukar wannan a matsayin wayo, har a ransa yakan yaba wa kansa.

Abin da wayon nasa bai taɓa kaiwa kai ba shi ne jikinsa. Kantin magani ɗaya ne a ƙauyensu, mai shi kuma kafaɗa da kafaɗa yake tsayawa da mahaifinsa a sahun farko na masallaci. Wane saurayi marar aure ne zai shiga can ya ce a ba shi kwaroron roba? In ya shiga gari kuwa kullum a gurguje yake, yana waige-waige. Duk tsoronsa ya ƙare a kan mutane, bai rage ko kaɗan ba don abin da ido ba ya gani.

Sana'arsa tantabaru. Suna da hasumiyar laka biyu, gidajen tsuntsayen, a bayan gona tun zamanin kakansa, kuma kowace Talata yakan ɗaure kwanduna a bayan babur ya kai kasuwar gari. Wata Talata da hantsi, yana sauke kwandunan ke nan, Amm Girgis, wato Baffa Girgis, mai agwagi, tsohon da ke baje kayansa kusa da shi, ya ɗago kai.

"Kai, basha, ka yi baƙo. Wani ya zo nan yana cigiyar mai tantabaru, wai Karim. Na ce masa, ɗana, nan babu Karim, akwai dai Ragab, shi ma ba karamci gare shi ba, ko shayi bai taɓa saya mini ba."

"Wane irin mutum ne, Amm?"

"Dogo, siriri, da tabo a gira. Ba mai sayen tsuntsu ba ne, ko kwando bai kalla ba. Ya ce zai dawo. Me ka ci masa?"

Ragab ya yi dariyar yaƙe. Karim sunan da ya yi amfani da shi ne lokacin girbin alkama. Mai tabo a gira kuwa shi ne wanda ya kira kansa Samir, wanda suka haɗu da shi da rana tsaka a wani ɗaki a saman shagon da aka rufe, kusa da tashar mota. Ya tuna yadda abin ya suɓuce masa. Suna shirin fita, Samir ya cire ɗan gashin tsuntsu daga wuyan jallabiyarsa, ya ɗaga shi yana murmushi, ya ce ko kaza ya sata. Shi kuma, jikinsa a sake, zuciyarsa fara, ya ce a'a, tantabaru yake kaiwa kasuwar Talata. Gaskiya guda ɗaya tak ya faɗa a duk yinin, ga shi ta biyo shi har gindin kwandonsa. Yanzu kuma wannan tsohon mai surutun tsiya ya ƙara wa mutumin da sunansa na yanka.

Bai jira ciniki ba. Ya karyar da tsuntsayen ga dillalin farko da ya taya, ya hau babur ya gudu.

Daga ranar barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina wucewa. Ko dai mutumin ɗan sanda ne da ya yi shigar burtu, ko kuma mai neman abin rufe baki ne, Ragab bai ga ta uku ba. In ya ji ƙarar babur a kan hanyar da ta bi gefen magudanar ruwa, sai ya faɗa cikin hasumiya ya tsaya a cikin duhu da warin kashin tsuntsu har ƙarar ta wuce. In wayar mahaifinsa ta yi ƙara, sai ya kafe tsohon da ido yana karanta fuskarsa. Ya san ƙauyensu sarai. Ba sai an kama shi da kowa ba, kalma ɗaya a bakin mai shayi ta isa. Hagg Mitwalli ba zai ƙara ɗaga kai a masallaci ba, 'ya'yan baffanninsa mata za su rasa manema, shi kuwa in an bar shi da rai ma an yi masa adalci.

Talata ta zagayo ya ce cikinsa ke ciwo. Wadda ta biyo ta ya ce babur ya lalace. Ƙaryar ciwon ba ta yi wuyar shiga ba, domin dama bayan girbi ya yi wani zazzaɓi mai zafi da ciwon maƙogwaro da ƙuraje a ƙirji, yayarsa Nagat ta zo daga gidan mijinta ta yi jinyarsa da ruwan lemun tsami da romon tantabara har ya miƙe. Kowa ya ce zafin bazara ne, shi ma haka ya ɗauka. Da ya warke ma sai da ya sake buɗe shafi ya ga wani, wanda ya ce sunansa Wa'il, mai hannu baƙi ƙirin da man inji, ya kuma goge shi kamar sauran.

Nagat ita ce uwarsa tun da uwarsu ta rasu yana ɗan shekara shida. Ita ta yi masa wanka, ita ta riƙa ɓoye masa ƙwai in Hagg ya hana shi abinci don ya gudu daga makaranta. Yanzu tana da tsohon ciki, likita kuma ya ce mabiyiya ta tare hanya, dole a yi mata aiki, kuma za ta iya zubar da jini da yawa. Asibitin gari ba ya taɓa mai irin wannan aiki sai mazan gidanta sun zo sun ba da jini tukuna. A wajensu wannan ba magana ce ta likita kawai ba, mutuncin gida ne. Maza kan cika mota su tafi tare, wanda ya miƙa hannu ya dawo yana nuna audugar da ke gwiwar hannunsa, wanda ya noƙe kuwa har jikokinsa sai an yi musu gori. Jinin Nagat ba irin wanda ake samu ko'ina ba ne, kuma a duk dangi na Ragab ne kaɗai ya zo ɗaya da nata. Da aka gaya masa, ya ce ko duka za a zuƙe a zuƙe. Har zuciyarsa ya faɗa.

Sai ranar ba da jinin ta faɗo Talata.

"Tunda gari za mu, ka ɗaure tsuntsayen nan ka kai kasuwa da sassafe," in ji Hagg Mitwalli. "Sun cinye mana hatsi suna ta ƙiba kamar 'ya'yan umda mai gari. Ka sayar, ka same mu a asibiti kafin azahar."

"Baba, a bari mana sai wani makon."

"Wani makon, wani makon! Kai me aka yi maka a kasuwar nan ne? Aljani ka gani?"

Ragab ya sunkuyar da kai ya tafi ɗaure kwanduna.

Ya zaɓi can ƙarshen kasuwa, wajen masu jakuna, nesa da Amm Girgis. Ya ja rawaninsa ya rufe rabin fuska. Yana tsugune yana kwance igiya sai inuwa ta faɗo a kan kwandon, aka ce a hankali, "Karim."

Ya ɗago. Tabon yana nan a girar, amma mutumin ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ragab ya duba bayansa yana neman waɗanda suka rako shi, bai ga kowa ba sai wata mata da ke taya jaki.

"Ban san ka ba, malam. Tsuntsu kake so?"

"Don Allah kada ka gudu. Tsuntsu nake so, to. Ɗauko guda biyu ka raka ni bayan waccan motar, kamar muna ciniki."

Ya ɗauko tantabaru biyu ya bi shi. A bayan motar, inda babu kowa sai ƙudaje, Ragab ya fara magana.

"Me kake so? Ba ni da komai sai tsuntsayen nan da babur. Ka ɗauka. Ka rufa mini asiri, mahaifina tsoho ne."

"Me zan yi da baburinka?" Mutumin ya goge fuska da tafin hannu. "Na neme ka a waya, ka toshe ni, shafin ma babu shi. Ban ga laifinka ba, ni ma haka nake yi. Ku huɗu nake nema, kai kaɗai na san inda zan dosa, saboda gashin tsuntsun nan. Kowace Talata sai na baro aikina na zo."

"Don me?"

"Na nemi aiki a ƙasar waje, suka yi mini gwajin jini. Ina da ƙwayar cutar nan, ta ƙanjamau. Likita ya ce ta daɗe a jikina, tun kafin mu haɗu. Wallahi ban sani ba a lokacin. Ka je a gwada ka."

Tantabarun da ke hannun Ragab suka yi fiffika, sai a lokacin ya gane matse su yake yi. Ya sassauta. Makonni yana gudun ɗan sanda da ɗan damfara, ashe abin da yake gudu yana tare da shi a cikin hasumiya, yana kwana da shi a shimfiɗa ɗaya. Zazzaɓin nan ya faɗo masa a rai, da ƙurajen, da hannun Nagat a goshinsa.

"Akwai magani," in ji mutumin da sauri. "Ba kamar da ba ne. Na fara sha, sun ce in na riƙe shi zan rayu kamar kowa. Akwai wurin gwaji a birnin Fayyum, ba sa tambayar sunan ubanka. Kada dai ka yi a nan garin."

"Yau zan ba yayata jini."

Mutumin ya kama hannun rigarsa. "Kada ka bayar. In sun gwada sun gani, ka san sauran. In kuma sabon kamu ne, likita ya ce wani lokaci gwajin ba ya nunawa da wuri. Ka ji ni? Kada ka bayar."

Ya saki rigar, ya juya zai tafi. Ragab ya ji kansa yana tambaya, "Mene ne sunanka na gaskiya?" Mutumin ya girgiza kai kawai, ya shige cikin masu jakuna.

A asibiti ya tarar da su a jere a kan benci a gaban ɗakin ɗibar jini: Hagg Mitwalli da carbinsa, Sha'aban mijin Nagat, da 'ya'yan baffa biyu da tuni suka manna auduga a hannu. Mai ɗibar jinin Hani ne, ɗan maƙwabcinsu, wanda in ya san abu da safe, kafin la'asar matan da ke wanki a bakin magudana sun sani. Yana ganin Ragab ya buɗe hannuwa.

"Ga angon ya iso! Shigo, sarkin tantabaru, jininka muke jira kamar ruwan Nilu. Naɗe hannun riga."

Ragab ya tsaya a bakin ƙofa. Yana hango gadon, da jakar roba a rataye, da ƙananan kwalabe da Hani zai rubuta sunansa a jiki. In ya kwanta a gadon nan, ko dai Hani ya gani ƙauye ya ji, ko Hani bai gani ba jinin ya shiga jikin Nagat da abin da ke cikinta. Ya nemi ƙarya mai kyau ya rasa.

"Ba zan iya ba," ya ce.

"Me ka ce?" in ji Hagg.

"Ba zan iya ba, Baba. Allura nake tsoro."

Hani ya fashe da dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye. Sha'aban ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Allura? Ƙato da kai, gemu har wuya? Matata na kwance a ciki, kai kana mana shagwaɓa? Hagg, ka yi masa magana kafin in manta surukina ne."

Hagg Mitwalli bai ɗaga murya ba, abin da ya fi muni ke nan. Ya tako har gaban ɗansa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Yarinyar da ta goya ka. Wadda ta bar makaranta don ta dafa maka. Shiga ka kwanta, Ragab."

"Ka yafe mini, Baba."

Marin ya sauka a gaban kowa, har da matan wasu ƙauyuka da ke jiran layi. Ragab bai kare fuskarsa ba. Ya ji zafin, ya kuma ji wani abu mai kama da sauƙi, don matsoraci suna ne da mutum zai iya rayuwa da shi a ƙauye. Ya juya ya fita, yana jin Sha'aban na tofar da yawu a bayansa.

Sai da aka ɗaga aikin, Sha'aban ya yi ta zarya zuwa birni yana roƙo kafin aka samo jinin da ya dace. A kwanakin nan Ragab bai san yana da rai ba. Da labari ya zo cewa an ciro ɗa namiji kuma uwar ta farfaɗo, yana cikin hasumiya, ya zauna a kan kashin tsuntsu ya yi kuka kamar yaro. Mahaifinsa ya daina yi masa magana, in zai ba shi umarni sai ya faɗa wa bango. A wurin mai shayi an sa masa suna Abu Allura, wato baban allura.

Ya je birnin Fayyum shi kaɗai, ya ce hatsin tsuntsaye zai sayo. Bayan an yi masa gwajin, wata likita mai gilashi ta zaunar da shi, ta gaya masa abin da ya riga ya sani. Ta yi masa bayanin maganin, ta ce in ya kiyaye zai tsufa har ya gaji da tsufa. Sannan ta tambaye shi ko akwai wanda ya kamata a sanar. Ba ta ce mace ba, ba ta ce namiji ba. Ya ce babu.

Ranar da Nagat ta dawo gida wanka, ya raɓe a bakin ƙofar ɗakin kamar baƙo. Ta sallami matan da ke ciki, ta ce ya shigo ya ga ɗansa. Ta yi fari fat, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ni na riƙe ka aka ɗinke maka ƙafa lokacin da lauje ya sare ka," ta ce. "Ko uhum ba ka ce ba. Ba allura kake tsoro ba, Ragab."

Ya kasa ɗaga ido.

"Ban tambaye ka ba, kuma ba zan tambaya ba. Abu ɗaya nake so in ji. Koma mene ne, kana neman magani?"

"Ina nema, Yaya."

"To karɓi yaron nan, hannuna ya gaji."

Ya karɓe shi. Yana kallon ɗan mitsitsin hannun da ya kama yatsansa, sai wani hannu ya faɗo masa a rai, babba, baƙi ƙirin da man inji. Ya ce wa likita babu kowa, alhali akwai Wa'il.

Da ya fita ya dawo da manhajar, ya yi ta jan hotuna: kafaɗu, ƙirji, faɗuwar rana, motar wani. Babu mai fuska, babu mai sunan jiya. Shi da hannunsa ya toshe mutumin ya goge hanyar, kuma tabbas shi ma wancan ya yi haka. Ya zauna yana tono abin da suka faɗa wa juna a ranar. Kusan duk ƙarya ce, tasa da ta wancan. Amma ya tuna ya yi masa tsiya a kan warin man dizal, mutumin ya yi dariya ya ce ai injin ban ruwa ba ya gyaruwa da turare, kuma ranar Alhamis ko ruwa ba ya samun sha saboda manoman bakin tafki da ke zuwa kasuwa.

Ƙauyukan bakin tafki masu cin kasuwa ranar Alhamis ba ɗaya ba ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar mai gyaran inji, ana nuna masa tsofaffi da masu tumbi. Ya ga yadda ake kallon baƙon da ke cigiya ba ya sayen komai, ya san kuma wata rana wani zai ce, wannan ba ɗan Hagg Mitwalli ba ne, me yake nema a nan? Duk da haka Alhamis na yi sai ya hau babur.

A wata kasuwa da ke bayan gonakin zaitun ya hango rumfar kwano, da injuna a zube a gabanta, da bayan wani mutum a duƙe. Ya matsa kusa, ya ce a hankali, "Wa'il."

Babu mai wannan suna a wurin, don haka babu wanda ya waiwaya. Kafaɗun mutumin ne kawai suka sandare, sifanar da ke hannunsa ta tsaya cak. Da ya juyo, Ragab ya ga fuskarsa ta koma kalar toka, idanunsa na duba bayan Ragab suna neman waɗanda suka rako shi. A cikin rumfar wata mata na zaune a kan buhu tana kwance ƙullin abinci, burodi da cuku da tumatir, cikinta ya fito sosai.

"Abu Salma, baƙo ka yi?" ta tambayi mijinta. "Ka ce ya zo mu ci mana."

"Ban san shi ba," in ji mutumin. Idanunsa na roƙon Ragab ya tafi, ya tafi don girman Allah.

Ragab ya san wannan tsoron ciki da waje, ya san kuma baburinsa na nan kusa, da makulli a jiki. Ya sake duban matar. Sannan ya tattara jallabiyarsa ya tsuguna a gefen injin, kusa da mutumin har yana jin warin dizal.

"Injina ne ya lalace, usta," ya ce da ƙarfi yadda za ta ji. Ya rage murya. "Don Allah kada ka gudu. Raka ni bayan rumfar nan, kamar muna ciniki."